Gwamna Lugga da zanen da ya haifi Fatakwal

Idan aka ambaci Gwamna Lugga a ƙasar Hausa, abin da ke fara faɗowa a rai shi ne faɗuwar Kano da Sakkwato a 1903, da kuma haɗe Kudu da Arewa a 1914. Ba kasafai ake tunawa da cewa mutumin nan ya bar wani gado na daban ba, wanda ake tafiya a kansa da ƙafa: garuruwan da ya sa aka yanka daga daji, aka ja musu layi, aka ƙayyade wa kowane jinsi inda zai kwana. Mafi girma cikinsu a gefen teku shi ne Fatakwal, kuma duk Bahaushen da ya taɓa sauke kaya a can, ko a Enugu, ya yi zama a cikin tsarin da Lugga ya shata, ko ya sani ko bai sani ba.

An haifi Frederick John Dealtry Lugard ranar 22 ga Janairun 1858 a Madras ta ƙasar Indiya. Mahaifinsa limamin coci ne na rundunar soja, mahaifiyarsa kuwa 'yar mishan ce, ta rasu yana ɗan shekara bakwai. Ya tashi a Ingila cikin gidan da ba shi da wadata, ya yi karatu a makarantar Rossall, ya ɗan taɓa horon hafsoshi a Sandhurst, aka ba shi muƙami a 1878. Daga nan sai yaƙi bayan yaƙi: Afghanistan, Sudan a 1885, sannan Bama. Shekarun da ya yi a Indiya sun cusa masa wata fahimta game da gari. A can Turawa ba su zama cikin jama'a. Suna da barikin soja da unguwar ma'aikata can nesa da tsohon birni, kowane gida a tsakiyar fili, da baranda kewaye da shi, masu hidima kuma a ɗakunan baya. Irin wannan gida mai hawa ɗaya ma asalinsa daga Bengal ne. Wannan hoton ya riƙe a ransa har tsufa.

A 1888 ya shiga Afirka ta gabas, ya jagoranci faɗa da masu fataucin bayi a Karonga, bakin tafkin Nyasa, inda harsashi ya yi masa mummunan rauni. A ƙarshen 1890 ya isa Buganda a matsayin wakilin wani kamfanin Ingila, ya kafa ɗan sansani a kan tudun Kampala, kuma a rikicin 1892 ya mara wa ɓangaren Furotesta baya da bindiga mai sarrafa kanta. A 1894 Kamfanin Neja na George Goldie ya aike shi Borgu, ya riga Faransawa isa Nikki da 'yan kwanaki, ya ƙulla yarjejeniya. A 1897 aka ɗora masa kafa rundunar sojan Afirka ta Yamma, wadda Hausa ta zama harshen barikinta. Ranar 1 ga Janairun 1900, a Lokoja, ya karɓi ragamar Arewa.

Abin da ya biyo baya sananne ne. Bida da Kontagora da Yola sun faɗi a 1901, Bauchi a 1902. Kisan Kyaftin Moloney a Keffi ya ba shi hujjar da yake nema. Sojoji suka fasa ganuwar Kano ranar 3 ga Fabrairun 1903, suka ci Sakkwato ranar 15 ga Maris, aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a Burmi cikin Yulin shekarar tare da ɗimbin masu hijira. A 1906 aka shafe ƙauyen Satiru daga doron ƙasa, aka hallaka mutane kimanin dubu biyu. Masu yabon Lugga kan gaggauta wuce wannan babi su faɗa kan mulki ta hannun sarakuna, amma jinin da aka zubar shi ya share fagen wancan mulki. Ta fuskar gini kuwa, abin lura shi ne bai zauna a Kano ko Sakkwato ba. Ya fara da Jebba, ya koma Zungeru a 1902, wurin da babu fadar wani babban sarki da za ta yi gogayya da tasa. Mutum ne mai son fara gari daga farar takarda. A Zungerun nan aka haifi Nnamdi Azikiwe a 1904, ɗan wani akawu mutumin Onitsha, ya kuma buɗe baki da Hausa.

A 1902 ya auri Flora Shaw, 'yar jaridar Times ta Landan da ta ba da shawarar sunan Nijeriya tun 1897. Ya ajiye aikin Arewa a 1906, aka tura shi Hong Kong, ya yi gwamna daga 1907 zuwa 1912. A can ya tarar da doka ta keɓe wa Turawa saman dutsen birnin, ya kuma jagoranci kafa jami'ar tsibirin. Ya dawo Nijeriya a 1912 da umarnin haɗe ƙasar, da kuma sanin abin da tashar jiragen ruwa ke iya yi wa aljihun gwamnati.

Kwal ne ya jawo hankalinsa gabas. A 1909 masanin ma'adinai Albert Kitson ya gano shi a tsaunukan Udi, a lokacin da jiragen ƙasa da na ruwa na Nijeriya ke dogaro da wanda ake saye daga Birtaniya. Matsalar ita ce hanyar fito da shi. Gaɓar tekun yankin Neja Delta kusan duk fadama ce, laka da sarƙaƙiyar itatuwa masu saiwa a ruwan gishiri, ba inda za a kafa dogo. A ƙarshen 1912 bincike a kogin Bonny ya kai ga wani wuri mai nisan fiye da kilomita 60 daga teku, inda busasshiyar ƙasa ta tsaya da gaɓa mai tsayi a bakin ruwa mai zurfi. Jirgin teku zai iya matsowa, dogo kuma zai iya saukowa ya same shi. Lugga ya ga wurin, ya yanke shawara ba tare da jinkiri ba.

Wurin yana da masu shi. Gonakin mutanen Diobu ne na ƙabilar Ikwerre, waɗanda ke kiran gaɓar Iguocha, ruwan kuma na masuntan Okrika. A Mayun 1913 aka sa shugabanninsu hannu a takardar miƙa ƙasar ga gwamnati. Mutanen Diobu ba su gamsu ba, har sai da aka sake wata yarjejeniya a 1928, kuma maganar ta kai kotu bayan shekaru masu yawa. A Agustan 1913 Lugga ya rubuta wa Sakataren Mulkin Mallaka, Lewis Harcourt, yana neman izinin sa wa sabuwar tashar sunansa, bisa dalilin cewa wai babu wani sunan gargajiya da ya dace. Harshen Bahaushe ya tausasa sunan ya koma Fatakwal.

Aikin ya ci ƙarfin talakawa. Ta hannun sarakunan da Turawa suka naɗa aka riƙa tattaro leburori daga ƙauyukan Ibo da Ibibio da maƙwabtansu, da yawa ba da son ransu ba, suna sare daji, suna cike kwari da ƙasa a kwando. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya sa kwal ɗin waje ya yi wuya, don haka aka matsa. A 1916 dogo mai tsawon kimanin kilomita 240 ya haɗa tashar da mahaƙar, kuma a gindin tsaunin wani garin ya tsiro, shi ne Enugu.

Tsarin da aka bi wajen yanka waɗannan garuruwa shi Lugga ya mayar doka a 1917. Dokar ta kasa garuruwa aji uku. Legas kaɗai ce a aji na ɗaya, Fatakwal da Enugu da Onitsha suna na biyu tare da irin su Kaduna. Ƙa'idar ita ce a ware unguwar Turawa, a kewaye ta da fili mai faɗin yadi 440, wato kusan mita 400, wanda ba a yarda kowa ya yi gini a cikinsa ba, sannan a can gaba a yanka unguwar baƙar fata. Hujjar da aka kafa ta lafiya ce. Tun da Ronald Ross ya tabbatar a 1897 cewa sauro ke yaɗa zazzaɓin cizon sauro, likitocin mulkin mallaka suka ɗauka cewa nisantar gidajen 'yan ƙasa zai kare Bature. Sai dai kuku da boyi da mai gadi duk a bayan gidan Baturen suke kwana, kuma ba a taɓa jin sauron da ya san yadi 440 ba. A garuruwa da dama filin da aka bari ya zama wurin wasan golf da sukuwar dawaki.

Haka Fatakwal ta fito da fuska uku. A bakin ruwa akwai tasha da manyan rumbunan ajiya na kwano, na kamfanoni irin su John Holt da Kamfanin Neja, inda gangunan manja da buhunan ƙwarar manja ke jiran jirgi. Daga arewa akwai unguwar Turawa: gidaje a ɗage bisa ginshiƙai don iska ta ratsa ƙasansu, danshi da gara kuma su rasa hanya, rufin kwano mai gangara da ya zarce bango sosai saboda ruwan sama, tagogi masu faɗi da ragar sauro, itatuwa a jere bakin titi. Wannan ɓangaren ne ya jawo wa garin kirarin birnin lambu. Sai unguwar 'yan ƙasa a kan zirin tudun da ruwa ya kusa kewayewa, wadda aka yanka ta layi-layi kamar gidan dara, tituna miƙaƙƙu suna gicciye juna, filaye ƙanana a kan haya daga gwamnati. Nan ne ake kira Town har yau, inda titunan Aggrey da Niger da Bonny da Victoria suke. Gidajen farko na laka ne a jikin karan itace da rufin ganyen tukurwa. Sannu a hankali kwano ya kori ganye, bulon siminti ya kori laka, aka sami gidan haya mai dogon lungu a tsakiya da ɗakuna suna kallon juna, kicin da makewayi a baya na kowa da kowa. Attajiran da suka samu suka ɗora bene, shago a ƙasa, iyali a sama.

A Enugu ma haka aka yi. Manyan ma'aikata Turawa suka hau inda iska take, masu haƙar kwal aka jera musu ɗakuna a Coal Camp da Iva Valley, daga baya Asata da Ogui da Uwani suka biyo. Onitsha, wadda Hausawa ke kira Anacha, ita ce ta bambanta, domin ta girmi Lugga. Tana da sarkinta da tsohon garinta a kan tudu, tana da kasuwar bakin Kwara inda 'yan mishan da 'yan kasuwar Ingila suka sauka tun 1857. Dogon ya bi ta gabas ya bar ta, ta ci gaba da rayuwa da kogi, daga baya da mota.

A takardar Lugga an tanadi wurin Bature, da wurin akawu da lebura. Baƙon da ya zo da ƙafarsa don fatauci kuwa sai ya nema wa kansa. Hausawa sun riga dogo isa wannan yanki. Tun ƙarshen ƙarni na 19 maharba giwa daga Arewa suka zauna a Elele ta ƙasar Ikwerre, fatake kuma, tare da Nufawa, suna saukowa Anacha ta jirgin ruwa. Sunayen titunan Bida da Sokoto a Anacha shaida ne, kuma a titin Bida babban masallacin garin yake. Sojoji da 'yan sandan da suka gama aiki su ma sukan tsaya inda aka sallame su. Amma babbar ƙofa ta buɗe ne bayan tafiyar Lugga, lokacin da dogon gabas ya haɗu da na Arewa a 1927, aka kuma buɗe gadar Makurdi a 1932. Daga nan shanu da wake da albasa da busasshen kifi suka riƙa gangarowa, manja yana haurawa, kuzar Jos tana fita ta Fatakwal. Unguwannin da Ibo ke kira Ama Awusa ko Ogbe Awusa suka kafu kusa da kasuwa ko tasha ko mayanka. Su ne takwarorin Sabon Garin Kano, inda aka ajiye 'yan Kudu a bayan ganuwa.

Bahaushe bai iya kai gininsa can ba. Tubali da azara da rufin soro mai indararo an yi su ne don ƙasar da damina ke wucewa cikin wata huɗu ko biyar, ruwan shekara bai cika kai milimita dubu ba. Fatakwal tana samun fiye da ninki biyu na haka, kuma kusan babu watan da sama ba ta zubo ba. Soron ƙasa ba zai ga damina biyu a can ba, ga shi dokar gari ta ƙayyade girman fili da irin kayan gini. Saboda haka gidan Bahaushe a Fatakwal ko Enugu, daga waje, bai bambanta da na maƙwabcinsa ba: bulo, kwano, ɗakuna a jere. Abin da ya yi ƙaura shi ne tsarin zaman. Aikin zaure ya koma baranda ko rumfar ƙofar gida, inda ake shimfiɗa tabarma a karɓi baƙo, a yi ciniki, yara su yi karatun allo. Mai gida yana sauke fatake, ya ajiye musu kaya da kuɗi, ya haɗa su da dillali, ya tsaya musu idan an ba da bashi. Masallaci ne cibiyar unguwa, kuma galibi shi ne gini na farko da jama'a ke haɗa kuɗi su mayar na siminti. Sarkin Hausawa yana sasanta rigima, yana magana da hukuma a madadin kowa.

Lugga bai ga wannan ba. Mulkinsa na Kudu ya yi tsami. Ya nace sai an shigar da haraji da tsarin sarauta irin na Arewa, aka yi bore a Iseyin a 1916 da ƙasar Egba a 1918, jaridun Legas kuma ba su raga masa ba. Mutum ne mai aiki dare da rana, marar yarda da kowa in ban da ƙanensa Edward da ya riƙe kusa da shi, mai son ko ƙaramar takarda ta bi ta teburinsa. Ya mayar da hedikwatar Arewa Kaduna, wani garin da shi ma aka yanka daga daji, ya bar aiki a 1919. A 1922 ya wallafa littafinsa The Dual Mandate in British Tropical Africa, wanda ya zama abin karatun jami'an mulkin mallaka, ya yi shekaru fiye da goma a kwamitin Majalisar Ƙasashe mai sa ido kan yankunan amana, aka ba shi sarautar Lord a 1928. Matarsa ta rasu a 1929, ba su haihu ba. Ya mutu a gidansa na Abinger a Ingila ranar 11 ga Afrilun 1945, yana da shekara 87.

Shekara biyu bayan mutuwarsa gwamnati ta soke wariyar launin fata a hukumance, unguwar Turawa ta koma unguwar manyan ma'aikata, wato GRA. Mazauna suka sauya, katanga da faɗin fili suka tsaya yadda suke. A shekarun 1950 Enugu ta zaɓi Malam Umaru Altine, Bafillace daga ƙasar Sakkwato mai fataucin shanu, ya zama magajin garinta na farko, abin da tsarin raba jama'a na 1917 bai hango ba.

Fatakwal kuwa man fetur ya fasa mata iyaka. An same shi a Oloibiri a 1956, aka fara fitarwa a 1958, aka buɗe matata a Eleme a 1965. Garin da ke da mutum wajen dubu bakwai a 1921 ya kai kusan dubu 180 a 1963. Kamfanonin mai suka gina wa ma'aikatansu unguwanni masu shinge da mai gadi, wato tsohon tsari da sabon mai gida. Talakawa suka cika Diobu, a unguwannin da ake kira Mile 1 da Mile 2 da Mile 3. Rikicin 1966 da yaƙin basasa suka watse unguwannin Hausawa a gabas baki ɗaya, kamar yadda aka watse Ibo daga Arewa, kasuwar Anacha ta ƙone, kuma bayan 1970 ne fatake suka fara komawa. Jihar Ribas da aka ƙirƙira a 1967 ta kawo dogayen gine-ginen kankare na sakatariya, bankuna suka zo da gilashi da na'urar sanyaya ɗaki, baranda ta fara ɓacewa daga sababbin gidaje duk da cewa zafi da ruwa ba su ragu ba.

Wanda bai sami fili a tudu ba sai ya gangara bakin ruwa. A gefen tsohon garin akwai unguwanni fiye da arba'in da mazauna suka ƙirƙiro ƙasarsu da hannu, suna yanko baƙar laka daga fadama suna cikewa, suna kafa ɗakunan katako da kwano, wasu a kan turaku, daga baya su mayar da su na bulo. Ba su cikin zanen 1913, kuma tsare-tsaren da suka biyo baya ba su ba su gurbi ba. A Agustan 2009 gwamnatin jihar ta rushe unguwar Njemanze, a 2012 ta rushe Abonnema Wharf, tana kafa hujja da tsaro da sabunta birni, ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam kuma suna cewa dubban masu haya sun rasa matsuguni ba tare da an tanadar musu wani ba. 'Yan ci-rani masu turin baro da faskare da gadi da ƙananan sana'o'i, waɗanda kuɗin haya a tudu ya fi ƙarfinsu, a irin waɗannan wurare da yawansu ke samun ɗaki.

Kwal ɗin da aka gina tashar dominsa ya daina fita tuni, mahaƙun Enugu sun yi shiru. Shanun Arewa yanzu a tirela suke zuwa, kuma zangonsu ya bar gefen dogo ya koma bakin manyan hanyoyi, a wurare irin su Ugwuoba a kan hanyar Enugu zuwa Anacha da Lokpanta a kan hanyar Enugu zuwa Fatakwal, inda ake kafa rumfuna da masallaci da ɗakunan kwano a filin da gwamnati ko masu ƙasa suka ba da aro.